Gareji, Shago da Ɗakin Baya: Ina Iyakar Mai Gida?

Jawabin da aka gabatar a taron shekara-shekara na ƙungiya



Kwamiti ya nemi in yi magana a kan aikin tsara birane, tun da shi ne fannin da na yi aiki a cikinsa har na yi ritaya. Fannin yana da faɗi, lokacin da aka ba ni kuwa kaɗan ne, saboda haka na zaɓi ɓangare ɗaya wanda na tabbata ya shafi kusan kowa a wannan ɗaki. Yawancinmu Allah Ya rufa mana asiri mun riga mun gina gidan zama, wasu ma tun shekaru ashirin ko talatin da suka wuce. Abin da muke yi yanzu shi ne ƙari. Wannan ya fitar da shago biyu a jikin katanga don ya sami abin cefane idan fansho ya makara, wancan ya yi wa mota rumfa a ƙofar gida, wani kuma yaro ya isa aure ya tayar masa da ɗaki ciki da falo a bayan gida. Ga ɗakin janareta, ga ɗakin maigadi, ga kejin kaji, ga hasumiyar tankin ruwa. Waɗannan ƙananan gine-gine su ne ba mu ɗauka a bakin komai ba, kuma a sanina su suka fi jawo wa mutane jan fenti a bango, da ƙara a kotu, da gaba tsakanin maƙwabta.

Bari in fara da kuskuren da ya fi yawa. Mutum zai ce maka, "Ai filina ne, ga satifiket ɗina da sa hannun gwamna." Gaskiya ne. Amma Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna ne a matsayin amana, abin da aka ba ka kuwa izinin zama ne na wasu shekaru, yawanci 99 idan gidan zama ne, kuma da sharuɗɗa. Idan kun koma gida ku ɗauko takardar ku karanta ta a tsanake. Za ku ga an rubuta abin da aka ba da filin dominsa, za ku kuma ga sharaɗin cewa ba za a yi gini ba sai bisa zanen da hukuma ta amince da shi. Wato satifiket daban, izinin gini daban. Shi izinin ginin ma, abin da ke cikin zanen da aka buga wa hatimi kaɗai ya rufe. Idan zanen da aka amince maka a 1994 bai nuna shago ba, to shagon da ka fitar bara ba shi da takarda, ko da uwar gidan tana da ita. Haka kuma mayar da gareji ya zama kantin magani ko injin markaɗe, ko ba a ɗora bulo ɗaya ba, canza amfanin wuri ne, shi ma sai da izini.

Dokar Tsara Birane da Yankuna mai lamba 88 ta 1992 ita ce ta fayyace wannan a matakin ƙasa, ita ce kuma ta maye gurbin tsohuwar dokar Turawa ta 1946. Sai dai a 2003 Kotun Ƙoli, a ƙarar da Jihar Legas ta kai Gwamnatin Tarayya, ta yanke hukunci cewa tsara gari hurumin jihohi ne, ikon Tarayya a wannan fanni ya tsaya a Abuja. Ma'anar wannan a gare mu ita ce kowace jiha da tata doka da nata awo. A Kano hukumar KNUPDA ce, wadda da muka sani da KASEPPA. A Kaduna KASUPDA. A Abuja kuma sashen kula da gine-gine na hukumar birnin. Don haka kada wani ya ce abokinsa na Kaduna ya yi kaza an ƙyale shi, shi ma zai yi a Katsina ko Bauci. Ko a cikin gari ɗaya ma, awon unguwar GRA ba ɗaya yake da na unguwa mai cunkoso ba.

Duk da wannan bambanci, tambayoyin da ma'aikacin tsara gari yake yi wa ƙaramin gini kusan iri ɗaya ne a ko'ina. Yana so ya san tazarar da ke tsakaninsa da titi, da tazararsa da katangar maƙwabci, da kashi nawa na filin aka rufe da gini idan an haɗa da uwar gida, da tsawonsa, da kuma abin da za a yi a cikinsa. A unguwannin da aka yi wa tsari da manyan filaye, abin da aka fi nema shi ne a bar kamar mita 6 a gaba, mita 3 a baya da kowane gefe. Ɗakin baya kuwa ba a son ya fi uwar gida girma ko tsawo, domin idan ya fi ta, ya tashi daga ɗakin baya ya zama gida na biyu a fili ɗaya.

Na san abin da wasunku ke faɗa a zuci, cewa wannan duk tsarin Bature ne. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Dokar garuruwa da Lugga ya yi a 1917 ita ta ware unguwar Turawa daban, ta kuma sa a bar fili na yadi 440 wanda ba a gini a cikinsa tsakaninsu da 'yan ƙasa, wai don gudun sauro da cuta. A cikin waɗannan manya-manyan filaye na Nasarawa a Kano ko na Kaduna, Bature yana tsakiya, kuku da boyi da mai ban ruwan fulawa suna can ƙarshen fili a wasu 'yan ɗakuna. Daga nan muka gaji boyis kwata, har sunan ma bai canza ba. Manyan tsare-tsaren da suka biyo baya, irin wanda Trevallion ya yi wa Kano da wanda Max Lock ya yi wa Kaduna a shekarun 1960, su ma Turawa ne suka zana su.

To amma kafin Bature ya zo, an taɓa barin mutum ya yi gini yadda ya ga dama a Birnin Kano ko Zariya ko Katsina? Malamanmu na Arabiyya suna nan zaune, su ne shaidata. A cikin Risala, wadda ɗalibin ilmi ke karantawa tun yana farkon zaure, an hana mutum buɗe taga wadda zai riƙa hango cikin gidan maƙwabcinsa, an hana shi buɗe ƙofa daidai da ƙofar maƙwabci, an kuma hana shi haƙa ramin da zai cuci maƙwabci ko da a cikin mallakarsa yake haƙawa. Ku lura da wannan na ƙarshen, ko da a cikin mallakarsa. Hadisi ya zo da awon hanya idan an yi saɓani a kanta, kamu bakwai. A Tunis an yi wani magini a ƙarni na 14, Ibn al-Rami, wanda alƙalai ke aikawa ya duba rigingimun gini, ya rubuta littafi sukutum a kan hukunce-hukuncen gini bisa mazhabar Malikiyya: hayaƙin gidan burodi, warin turken dabbobi, ruwan da ke zuba a gidan wani. Mu ma nan, wa bai taɓa ganin mai unguwa ya tsaya a kan rigimar indararo ba? Idan indararonka yana zuba a jikin katangar ƙasa ta maƙwabci, sai ka juya shi, ba a tambayar wa ke da satifiket. Dakalin da ya ci lungu har jaki da kaya ba ya wucewa, ko makara ba ta juyawa, rushe shi ake yi. Abin da ya canza kawai shi ne da mai unguwa da Sarkin Magina da duba-gari ne ke tsayawa, yanzu kuwa ma'aikaci ne da tef da fayil.

Yanzu bari in ɗan daɗe a kan dalilin barin wannan tazara, domin mutum idan ya ga mita 3 a gefen gidansa babu komai sai ya ga kamar asara ce.

Mu ɗauki ruwan sama. Fuloti mai ƙafa 50 da 100, wato kamar mita 15 da 30, faɗinsa murabba'in mita 450 ne. Malaminmu na lissafi yana nan, idan na kauce ya gyara mini kamar yadda ya saba. Idan aka yi ruwa mai ƙarfi na milimita 50 a dare ɗaya, abin da ba baƙo ba ne a watan Agusta, ruwan da ya sauka a wannan fili lita 22,500 ne, wato ya haura duro 110. Lokacin da tsakar gida take ƙasa, da bishiyar darbejiya da ɗan lambu, ƙasa tana shanye wani kaso mai yawa. Yau mun rufe gaba da shago, baya da ɗakin yaro, abin da ya rage mun malale shi da siminti. Duk wannan ruwa sai ya fito titi a lokaci ɗaya. A titin kuma me zai tarar? Lambatun da mai shago ya rufe da kankare don ya sami wurin ajiye benci da firji, yashi da leda sun cika shi, ba kuma hanyar da za a buɗe a yashe. Ku ninka wannan sau gida ɗari biyu a unguwa. Ruwan ba zai shiga gidan wanda ya toshe hanyar ba, gidan na gangare zai shiga, wanda sau da yawa shi ne mai ginin ƙasa. Ambaliyar da ta shiga Kantin Kwari a daminar 2022 ta lalata dukiya mai yawa, kuma 'yan kasuwar da kansu gine-ginen da aka yi a kan hanyoyin ruwa suka ɗora wa laifi.

Sai rijiya da masai. Masana lafiya suna son a sami kamar mita 30 tsakanin ramin ƙazanta da rijiyar da ake sha. Filin da muka ambata tsawonsa duka mita 30 ne. Ashe ke nan ba yadda za a yi mutum ya warware wannan shi kaɗai, dole sai ya san inda rijiyar maƙwabci take, maƙwabci ma ya san inda tasa take. Abin da ke faruwa shi ne idan an yi ɗakin baya sai a yi masa nasa banɗaki, a haƙa sabon rami a lungun ƙarshe, wanda katanga kaɗai ta raba shi da rijiyar mutanen baya. Ruwan ƙarƙashin ƙasa kuwa bai san katanga ba. Bayan shekara biyu yaran gidan can su yi ta fama da taifot da gudawa, ana ta zargin mai sayar da ruwa.

Ɗakin janareta shi ne wanda ya fi tayar mini da hankali. Hayaƙin janareta yana ɗauke da wata iska mai guba wadda ba ta da wari ba ta da launi, mai barci ba ya jin shigarta, kuma kusan kowace shekara sai mun ji labarin iyalin da aka wayi gari babu ko ɗaya. Saboda tsoron ɓarayi sai mu gina masa ɗaki a lungun da ke tsakanin gida da katanga, daidai ƙarƙashin tagar ɗakin kwana, namu ko na maƙwabci. Shawarar masana ita ce ya yi nisan aƙalla mita 6 daga ƙofa ko taga, bakin salansa kuma ya kalli waje. Wannan lungu da muke cushewa da janareta da jarkokin fetur, shi ne kuma hanyar da za a bi a fitar da mutane idan wuta ta tashi a gaban gida, tun da tagoginmu duk ƙarfe ne. Tazarar gaba kuma ita ke ba motar 'yan kwana-kwana damar shiga layi. Layin da aka yanka da faɗin mita 9, idan kowa ya ci mita ɗaya da rabi da rumfar mota da matakala, saura 6, idan aka ajiye mota ɗaya a gefe shi ke nan an rufe.

Akwai wuraren da ko kusa ba a ba da izini, kuma duk wanda ya ce zai samo maka takarda cin kuɗinka zai yi. Ƙarƙashin babbar wayar lantarki na ɗaya daga ciki: layi mai ƙarfin kilobolt 330 ana barin mita 25 kowane gefe, mai 132 kuma mita 15. A watan Afrilu na 2017 waya ta faɗo a kan wani gidan kallon ƙwallo mai rufin kwano a Kalaba, matasa suka mutu suna cikin kallo. Rumfa ce kawai, irin wadda muke cewa ai ta wucin gadi ce. Haka gefen titin Gwamnatin Tarayya, inda doka ta keɓe ƙafa 150 daga tsakiyar titi, da bakin rafi, da gefen layin dogo. A nan ne kuma ya kamata in faɗi cewa kwantena da rumfar kwano ba su tsira ba don ba a yi su da bulo ba. Idan abu ya zauna a wuri ana harka a cikinsa, hukuma gini take ɗaukarsa.

Ba zan tsaya a nan in nuna muku cewa dokar ba ta da aibu ba. Awon mita 3 kowane gefe an yi shi ne da babban fili a zuci. Mutumin da ya sayi ƙafa 50 da 50 a awon igiya, idan ya bi wannan awo, abin da zai rage masa bai fi ɗaki biyu da falo ba, ga mata ga 'ya'ya. Gidan Bahaushe kuma tun asali ɗakuna ne a jikin katanga, tsakar gida a tsakiya, iska da haske daga ciki suke zuwa. A ganina dokar da ta san mutanenta kamata ya yi ta karɓi wannan tsari, ta tsaya a kan girman tsakar gida da hanyar ruwa da wurin rami, maimakon ta nace a kan tsarin da aka yi don gidan Bature. Sannan neman izinin ɗan shago bai kamata ya zama da wahala da tsada kamar na bene mai hawa uku ba. Idan mutum ya yi wata shida yana zirga-zirga a kan ɗaki ɗaya, gobe ƙaninsa ba zai je ba sam. Akwai 'yan majalisa da manyan sakatarori a cikinmu, wannan saƙonku ne. Amma gyaran doka a majalisa ake yinsa, ba a ƙofar gida da daddare da birkila ba.

Na ce da daddare ne don na san dabarar. A tara bulo da yashi, a fara ranar Juma'a da yamma, kafin Litinin an kai linta, wai idan an rufa kwano magana ta ƙare. Ba ta ƙare ba, an dai jinkirta ta. Fayil ba ya mutuwa, gwamnati kuma tana canzawa. Mutanen Abuja sun ga haka tsakanin 2003 da 2007 zamanin da Malam Nasiru el-Rufa'i yake minista, lokacin da katafila ta bi gine-ginen da wasunsu sun shekara goma a tsaye. Abin da ya fi ciwo shi ne idan aka zo faɗaɗa titi, ginin da ke da izini ana lissafa shi a biya diyya, wanda ba shi da shi kuwa yawanci sai dai mai shi ya kwashe kwanonsa. Idan kuma mutum ya rasu, magada su ke gadon rigimar: a zo sayar da gida ko kai takarda banki, a ga abin da ke ƙasa bai dace da abin da ke zane ba.

Saboda haka wanda ke da niyyar ƙari, ya fara neman duwatsun safiyo na filinsa, domin katanga ba kullum take kan iyaka ba, kuma abin da ke tsakanin dutsen da kwalta ba nasa ba ne ko da shi yake share shi kullum. Ya sa mai zanen gini mai rajista ya ɗora sabon ɗakin a kan tsohon zane, ya kai ofis da kansa, ya biya a banki ya karɓi rasit. Kuɗin da aka miƙa wa wani a gindin bishiya ba izini ba ne. Kafin duk wannan kuma, ya shiga zauren maƙwabcinsa ya ce, "Alhaji, ga abin da nake so in yi, ina rijiyarka take, ina tagar ɗakin iyali?" Yawancin takardun ƙorafin da na gani a rayuwar aikina maƙwabta ne suka rubuto su, kuma da yawansu abin da ya fi ɓata musu rai shi ne ba a gaya musu ba. Wanda kuma ya riga ya gina, jihohi da dama suna da hanyar daidaita takardu bayan an biya tara, muddin ginin bai hau titi ko magudanar ruwa ba. Gara ya je da ƙafarsa kafin a zo masa.

Mai girma shugaba, saura magana ɗaya, kuma ita ce ta fi kusa da mu. Na ga a cikin ajandar yau akwai shawarar a gina jerin shaguna a jikin katangar makaranta ta bakin titi, a riƙa ba da haya ana gyara azuzuwa da kuɗin. Niyyar mai kyau ce, duk wanda ya zaga ya ga halin da ɗakunan kwananmu ke ciki ya san ana bukatar kuɗi. Amma ina roƙon a dakata. Filin makaranta ba na ƙungiya ba ne, ba kuma na shugaban makaranta ba ne. An ba da shi don ilmi, mayar da wani yanki nasa kasuwa sai da amincewar ma'aikatar ilmi da ta ƙasa da hukumar tsara gari, a rubuce. Ko an sami takardun ma, mun ga abin da ya faru a Kano a watan Yuni na 2023, inda aka rushe shaguna a Filin Idi da wasu filayen gwamnati, alhali masu su suna cewa gwamnatin da ta gabata ce ta ba su. Kuɗin da za mu zuba na 'yan'uwa ne, wasu daga fanshonsu suka cire. Bayan haka ku dubi wurin da kanku. Babban lambatun da ke ɗauke ruwan filin ƙwallo ta nan yake fita. Bayan katangar kuma azuzuwan 'yan aji ɗaya ne, kuma shagon da aka ba tela yau, gobe mai walda ne ko mai sayar da gas a cikinsa, ba mu da ikon tsayawa a kansa kullum.

Abin da nake ba da shawara shi ne a kafa ƙaramin kwamiti na mutum biyar, a sa lauya ɗaya da safiyo ɗaya da injiniya ɗaya, duk muna da su a nan, su nemo taswirar filin makaranta ta asali, su duba iyakokinta, su kawo rahoto a taro na gaba kafin a sayi ko buhun siminti ɗaya. Idan an ga ya dace a sa ni a ciki, a shirye nake.

Allah Ya jiƙan malamanmu da 'yan'uwanmu da suka riga mu gidan gaskiya, Ya mai da kowa gidansa lafiya.